Ƙirga 'yan gudun hijira: bakin mai unguwa, na'urar yatsa, layin waya ko tauraron ɗan adam?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin motar rabon kayan agaji ya san lokacin da gaba ke faɗuwa. Buhuna sun kusa ƙarewa, layin mata kuwa ko rabi bai kai ba. Ka duba takardar hannunka, ka duba jama'a, ka ga ba su ko yi kama da juna ba. A ranar za a zagi masu rabo, a ce sun karkatar da kaya, wani lokacin ma da gaskiyar masu zagin. Amma sau da yawa ɓarnar ta riga ta faru tun makonni baya, ranar da wani ya zauna ya rubuta adadin mutanen da ke garin.

Cibiyar IDMC da ke Janeba, wadda ke tattara alƙaluman waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasashensu, ta ce a ƙarshen 2024 yawansu ya kai miliyan 83.4 a duniya, Sudan kaɗai tana da miliyan 11.6. A arewa maso gabashin Najeriya an daɗe ana maganar sama da miliyan 2. Waɗannan manyan lambobi duk daga ƙasa suke tasowa, daga wani yaro mai littafi da biro ko wata ma'aikaciya mai ƙaramar kwamfutar hannu. Tun farkon 2025 da Amurka ta janye kaso mai yawa na tallafinta, kuɗin aikin jin ƙai ya ja baya, kuma ƙungiyoyin gida, kwamitocin masallatai, ƙananan hukumomi da hukumomin agajin gaggawa na jihohi su ne nauyin ke ƙara komawa kansu. Saboda su na yi wannan rubutu. Hanyoyi huɗu ake bi wajen gano ina mutane suka nufa da kuma su nawa ne, kuma kowace da abin da take iya gani da abin da ke kuɓuce mata. Ra'ayina tun daga farko: mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ƙafa da baki, kada ya yi gaggawar sayen na'ura.

Hanya ta farko ita ce tambayar waɗanda suka san gari. A kanta aka gina tsarin bin diddigin waɗanda suka rasa matsuguni, wato DTM, na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, wanda aka faro a Iraƙi a 2004, ya shigo Najeriya a 2014 tare da haɗin gwiwar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da hukumomin jihohi, sannan a 2019 aka faɗaɗa shi zuwa jihohi irin su Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Binuwai. Tsarin ba shi da wani siddabaru. Ma'aikata kan fara daga ƙaramar hukuma, su gangaro mazaɓa, su isa unguwa ko sansani, suna tambayar hakimi, dagaci, bulama, shugabannin su kansu masu hijirar: gida nawa suka zo, daga ina, yaushe, me ya koro su, me suka fi buƙata. Bayan wasu watanni a sake zagayowa.

Babban abin da wannan hanya ta fi sauran da shi shi ne tana shiga cikin gidaje. Mutane da yawa idan aka ce ɗan gudun hijira, tanti suke hangowa a sansanin Bama ko Munguno. Alhali rahotannin DTM sun sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda suka rasa matsuguni a arewa maso gabas a cikin gari suke zaune, wajen dangi, a ɗakin haya, ko a kangon da mai shi bai ƙarasa ba. A arewa maso yamma abin ya fi haka, domin sansanonin da gwamnati ta amince da su ba su da yawa. Mutumin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensa ba ya neman sansani, gidan ƙanen mahaifiyarsa yake nufa.

Na taɓa shiga wani gida tare da mai unguwa, muka yi sallama, muka gaisa da uwargida. Na ce, "Inna, akwai 'yan gudun hijira a gidan nan?" Ta ce, "A'a ɗana, mu ba mu da su." Ina shirin juyawa sai idona ya kai bakin ƙofar wani ɗan ƙaramin ɗaki, takalman yara jibge kamar na ƙofar makarantar allo, ga murhu uku a tsakar gida. Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, baƙin naku fa, suna nan lafiya?" Nan take ta fara lissafo su: ƙanwarta da 'ya'yanta, matar ɗan wanta da goyo, da wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta can ƙauye da ba ta da kowa a gari. A wajenta baƙi ne. Kiran ɗan uwanka ɗan gudun hijira a gabansa tozarci ne, kuma ba za ta yi ba. Tun daga ranar na daina wannan tambaya. Sai in ce tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan, su wa suka zo bayan girbi, wa ya ƙaru tun ƙaramar sallah. Babu na'urar da za ta koya maka wannan.

Sai dai hanyar tana da ciwonta, kuma ba ƙarami ba ne. Kowa ya san lamba tana jawo buhu. Idan dagaci ya fahimci cewa abin da ya faɗa shi za a auna a kawo, zai ƙara, wani don son zuciya, wani kuma don tausayin talakawansa da su ma ba su da abin sawa a baka. Ragi ma yana faruwa, kuma shi ya fi damuna. Bazawarar da ke riƙe da marayu ba ta zuwa fada, don haka ba a tuna ta. Fulanin da su ma aka ƙone musu ruga suka yada zango a bayan gari, sau da yawa ba a sa su a lissafi, saboda mai ba da labarin bai ɗauke su a matsayin waɗanda aka zalunta ba. Wani lokacin kuma hukuma ce ba ta son a ji yawan, don kada a ce tsaro ya taɓarɓare a yankinta.

Maganin da na gani yana aiki shi ne kada a dogara da baki ɗaya, kuma kada a tara bakunan wuri ɗaya. Tambayi mai unguwa shi kaɗai. Ka je wajen ungozoma, ita ta san ɗakin da aka haihu da wanda ake goyon ciki. Shugaban makarantar firamare ya san sababbin fuskoki, liman ya san sahun da ya ƙaru, mai injin niƙa ya san gidan da a da ake kawo masa kwano ɗaya yanzu ya koma uku. Inda bakinsu ya zo kusa da juna, ka riƙe. Inda suka yi hannun riga, can za ka taka da ƙafarka, ka zaɓi wasu gidaje ba tare da an nuna maka ba, ka ƙirga da kanka. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ƙima ita ake nema a wannan mataki, domin a san tirela za a nema ko a-kori-kura.

Ciwo na biyu shi ne tsufa. Lambar da aka tattara watanni huɗu da suka wuce ta riga ta zama labari. Don haka ne IOM ta ƙara da wani tsarin gaggawa a Borno da Adamawa, mai ba da rahoton masu shigowa da masu fita duk mako. A Zamfara da Katsina motsin ma ya fi wuyar kamawa, saboda mutane kan kwana a gari su koma gona da safe, ko su gudu na kwana goma su koma idan an yi sulhu ko an biya harajin da aka ɗora musu, sannan su sake gudowa. Wanda ya ƙirga su sau ɗaya ya rufe littafi bai yi komai ba.

Akwai ɗan uwan wannan tsari da ake yi a tashoshin mota da kan iyaka, inda ake ƙirga masu wucewa ana tambayar direbobi da 'yan kamasho. IOM ta kafa irin waɗannan wurare a Arlit da Segedin a Nijar tun 2016, daga baya aka ƙara da Ɗan Isa, Ɗan Barto da Magarya. Yana nuna inda ruwa ya karkata, amma wucewa yake ƙirgawa ba mutane ba, kuma ɗan ci-rani da ɗan kasuwa da mai gudun ceton rai duk mota ɗaya suke shiga. Wanda ke son ya san ina zai kai abinci, wannan ƙarin haske ne kawai gare shi.

Hanya ta biyu ita ce rajista da hoton yatsa ko na ƙwayar ido. Nan kuma ba ƙiyasi ake yi ba, mutum ɗaya-ɗaya ake ɗauka: suna, shekaru, garin asali, iyali, sannan a ba shi kati. Hukumar abinci ta duniya, WFP, tana da nata tsarin mai suna SCOPE, hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR ma tana da nata. Amfaninta a fili yake. A Uganda a 2018, bayan zargin an cusa sunayen bogi, an sake tantance 'yan gudun hijirar ƙasar da na'ura, sai adadin ya sauko daga kimanin miliyan 1.4 zuwa kimanin miliyan 1.1. Ba duka gibin ne zamba ba, wasu sun koma gida, wasu an rubuta su sau biyu, amma abincin mutum kusan dubu 300 ba abin wasa ba ne. Idan za ka riƙa ba mutum ɗaya kuɗi ko abinci duk wata har shekara, a sansanin da ke da ƙofar shiga da fita, babu abin da ya kai wannan hana maimaici.

To amma kafin ka yi sha'awa, je ka ga ranar rajista. Rana ta take, layi ya miƙe tun asuba, janareto na ƙugi, batirin na'ura na mutuwa. Wata tsohuwa ta ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. A goge da tsumma, a sake, ta ƙi. Shekara hamsin tana surfe da sussuka da wanki, zanen yatsun ya shafe. Manomi da mai faskare haka, mace mai sabon lalle ma wani lokacin haka. Waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne na'urar ta fi ƙi, kuma in babu wani tanadi da aka yi musu, sai su koma gida hannu rabbana. Wanda ya tafi gona ko itace a ranar, da mara lafiyan da ba mai ɗauko shi, sun fita daga lissafi har sai an sake buɗe rajista, wanda kan ɗauki watanni. Ga kuma wani abu: da zarar an ji ana rajista, mutanen gari da na ƙauyukan kewaye za su cika layin, kuma ba za ka ga laifinsu ba tunda yunwar ɗaya ce. Na'ura tana tabbatar da cewa ba a rubuta mutum sau biyu ba, amma ba ta san ko an kore shi daga gida ko ba a kore shi ba. Wannan hukunci dole ya dawo ga bakin mutane.

Abin da ya fi tsorata ni da wannan hanya shi ne inda bayanan ke kwana. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi UNHCR da tattara bayanan Musulmin Rohingya a Bangaladash ba tare da an fahimtar da su yadda ya kamata ba, bayanan da daga baya suka isa hannun gwamnatin Myanmar, wato waɗanda suka koro su. Hukumar ta ce ta nemi amincewarsu. Ko da wane ne ke da gaskiya, sunayen sun riga sun tafi, kuma yatsa ba lambar sirri ba ce da za a canja. A Yaman, a watan Yunin 2019, taƙaddama tsakanin WFP da 'yan tawayen Huthi kan wa zai riƙe bayanan yatsu ta kai ga dakatar da wani ɓangare na rabon abinci a birnin Sana'a na kusan wata biyu. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar da cewa an yi kutse cikin bayanan mutum sama da 515,000. Idan wannan ya samu masu ƙwararrun ma'aikata da kuɗi, ina ga ƙaramar ƙungiyar da bayananta ke cikin wayar sakatare?

Mu dawo gida. A garin da kowa ke tsoron infoma, takardar da ke ɗauke da sunan mutum, ƙauyensu, lambar wayarsa da ranar da zai karɓi kuɗi, makami ce in ta faɗa hannun da bai dace ba. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma tana kan duk mai tattara irin waɗannan bayanai, babba ko ƙarami. Amma ko ba doka, a tambayi kai: uwar da 'ya'yanta suka kwana biyu ba su ci ba, in aka ce mata dangwala a ba ki, shin ta yarda ne ko dai ba ta da zaɓi? Ni a ganina, duk abin da ba za ka yi amfani da shi wajen rabo ba, kada ka tambaya. Akwai matsakaiciyar hanya da ta ishi yawancin ƙananan ayyuka: rajistar gida-gida da kati mai lamba, sunan mai gida ko uwar gida da yawan bakin da suke ciyarwa, a tantance a gaban kwamitin da ke da mata da wakilan masu hijirar, a huda katin duk ranar rabo. Za a ɗan yi zamba, babu shakka. Sai a auna asarar 'yan buhuna da haɗarin da ke cikin ɗaya hanyar.

Hanya ta uku ta fi burge masu ilimin kwamfuta, wato bin sawun layukan waya. Duk kiran da aka yi ko saƙon da aka tura, kamfani yana rubuta ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke shi. In aka cire sunaye aka tara miliyoyin irin wannan, za a ga jama'a na kwarara daga wani yanki zuwa wani. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, masu binciken da suka kafa ƙungiyar Flowminder sun bi layuka kusan miliyan 1.9 na kamfanin Digicel, suka ƙiyasta cewa mutum kimanin 630,000 sun bar babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, cikin ƙasa da mako uku, har da yankunan da suka nufa. An maimaita haka a Nepal a 2015 da bayanan kamfanin Ncell. Saurin da faɗin abin ba su da na biyu.

Matsalar ita ce a wajenmu waya kan yi shiru daidai lokacin da ake buƙatarta. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse sabis a Borno, Yobe da Adamawa, a Borno har na tsawon watanni. A Satumban 2021 an rufe na Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ƙauyuka da dama dama can sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis. Sannan waya a hannun wa take? Magidanci ɗaya na iya riƙe layi uku, matansa biyu da 'ya'ya goma ba su da ko ɗaya, alhali mata da yara su ne mafi yawan masu gudun. Sau da yawa ma namijin kan tsaya gadin gona ya tura iyali gari, sai taswira ta nuna babu wanda ya motsa. Inda nake ganin za ta yi rana shi ne bala'in da ya auka wa babban birni farat ɗaya, irin ambaliyar Maiduguri ta 10 ga Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane suka watse cikin dare ɗaya. Amma wannan ba zaɓin ƙaramar ƙungiya ba ne. Sai gwamnati da kamfanonin waya da hukumar sadarwa sun ƙulla yarjejeniya, kuma tun kafin ruwa ya zo, domin ba a fara wannan tattaunawa ana tsamo mutane da kwalekwale.

Tauraron ɗan adam kuwa aikinsa ɗaya ne, kuma ya iya shi: leƙa inda ƙafa ba ta zuwa. Hotunan da Amnesty International ta fitar a Janairun 2015 sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga a harin Boko Haram, lokacin da ake ta musu kan girman abin da ya faru. Masu yaƙi da cutar shan inna ma sun yi amfani da irin hotunan a Borno don gane ƙauyukan da har yanzu akwai mutane. Yana ganin sababbin bukkoki a gefen gari, yana ganin gonar da aka bari ta zama saura. Rufi yake ƙirgawa, gajimaren damina na rufe masa ido, kuma baƙin Inna da ke cikin ɗaki ɗaya ba zai taɓa ganinsu ba.

Saboda haka zaɓin yana bin tambayar da ke gabanka. In tambayar ita ce ina mutane suke kuma me za mu tanada, bakin masu gari ya isa, muddin an tambayi baki fiye da ɗaya kuma ana sabuntawa. In ta koma wa za mu ba, sai rajistar gida-gida da kati. Na'urar yatsa sai in rabon zai daɗe, kuɗin na da yawa, wurin a killace yake, kuma kana da amsar tambayoyi uku a rubuce: wa ke riƙe da bayanan, wa zai iya neman a ba shi, yaushe za a goge. In ɗaya daga cikinsu ta gagare ka, bar na'urar a kwalinta. Bayanan waya da na tauraro kuwa, in wata babbar hukuma ta wallafa, karɓi ka duba ko akwai inda ba ka leƙa ba. Kafin ma ka fara komai, nemi rahoton DTM na ƙarshe na jiharka, kyauta yake a intanet, kuma ka tuntuɓi hukumar agajin gaggawa ta jiha. Mutanen nan sun gaji da masu zuwa da littafi su tafi ba su dawo ba, kada ka zama na biyar da zai yi musu tambaya iri ɗaya a wata guda.

Wani abu da ake yawan mantawa: a sa masu masauki a lissafi. Gidan da ya karɓi mutum goma sha biyu ya cinye rumbunsa tun kafin damina ta faɗi. In aka zo aka ba baƙo buhu aka tsallake mai gida, an shuka abin da zai sa gobe a rufe ƙofa.

Da a ce yau aka kira ni aka ce mutane sun kwararo wani gari, ranar farko zan raba unguwanni tsakanin matasa biyu-biyu, mace da namiji, kowane da littafi. A saman kowane shafi kwanan wata da sunan unguwa da irin mutanen da aka tambaya. Ba suna, ba lambar waya, sai yawan gidaje, ƙauyen da aka fito, masu ciki, masu shayarwa, tsofaffi da marasa lafiya. Da magariba a haɗu a kwatanta, a ja layi ƙarƙashin duk inda aka samu saɓani, washegari a koma can. Ranar kasuwa mai zuwa a sake zagayawa da littattafan nan dai, a fara da bayan gari, inda masu ruga suka sauka.